Rim Sha Bakwai da Kujerar Hajiya Gambo

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya da mota a bakin rumfata, ko kashe ta bai yi ba, ya sauke gilashi ya ce, "Baba, rim nawa zan sa mata ta fito?" Na ce ya sauko mu gaisa tukuna. Ya sauko ya bar ƙofa a buɗe. Na tambaye shi unguwarsu, na tambaye shi hanyar da yake bi kullum, sannan na tambaye shi ko mahaifiyarsa tana da rai. Sai ya tsaya yana kallona, ya ce shi fa taya ya zo saye, ba aure ya zo nema ba. Ya koma motarsa ya ja. Ban ga laifinsa ba. Ku samarin yanzu kun ɗauka aikinmu bai wuce hura iska da liƙa faci ba, wai wanda ya kasa boko ya kasa kasuwa shi ke zama cikin baƙin mai yana dukan ƙarfe. To ku gyara zama, tunda yau kasuwar ta yi sanyi, in gaya muku inda na samo waccan tambayar ta ƙarshe.

Ni ne Idi Mai Faci, nan bakin hanyar Zango in za ka fita daga Daura. A hannun marigayi Maigida Ɗanlami na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika buhu ba: liba biyu na ɓamɓare taya daga rim, guduma, famfon hannu, rabin duro na ruwa da ake tsoma tif a ga inda yake kumfa, sai wani tsohon fistin na babbar mota da ake zuba wa kananzir a kunna a gasa faci. Na daɗe a wurinsa ban taɓa liba ba. Famfo kawai nake bugawa daga safe har la'asar, har rigunana suka fara matse ni a kafaɗa. In na yi ƙorafi sai ya ce in ci gaba, hannuna ne yake koyon nauyin iska. Da gaskiyarsa kuwa, don har yau in na daki taya da tafin hannu nakan faɗi iskar da ke ciki kafin a sa geji, kuma ba kasafai nake yin nisa da shi ba.

Maigida yana da wata ɗabi'a da direbobi suke masa dariya a kai. In ya ɗaura wa mota sababbin ƙafafu, ba ya sallamar mai ita sai ya shimfiɗa tsumma a kujerar baya, ya zauna daidai saman taya, ya ce a zaga da shi. Wata rana na tambaye shi me ya sa ba ya zama a gaba kamar mutane. Ya ce, "Kai Idi, direba yana riƙe da sitiyari, yana ganin rami kafin ya faɗa, jikinsa ya riga ya shirya. Na baya ba ya ganin komai, sai dai ya ji a ƙugunsa. Su wa ke zama a baya a garin nan? Iyayenmu da matanmu da marasa lafiya." Na riƙe maganar kamar yadda yaro ke riƙe maganar maigidansa, ba don na gane ta ba.

Bari in koya muku karatun taya, ba shi da wuya. A gefen kowace taya akwai lamba uku. Ta farko faɗinta, ta biyu tsawon namanta, wato robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa, ta uku kuma girman rim ɗin da za ta hau: sha huɗu, sha biyar, sha bakwai, har sama. Gurbin da aka yanka wa ƙafa a jikin mota ba ya ƙaruwa don ka yi kuɗi. In ka ƙara girman ƙarfe, dole ka rage nama. Shi ya sa rim sha bakwai yake zuwa da taya siririya kamar an ɗaura masa ɗamara.

Ba zan yi wa babban rim ƙarya ba, yana da daɗinsa. A kan kwalta mai kyau, irin hanyar Katsina lokacin da aka gama ta sabuwa, mota takan kama ƙasa, ka juya sitiyari kaɗan ta amsa nan take, a kwana ba ta tangaɗi. Na ja na ji, na kuma yi ta mamakin yadda ɗan rage roba zai sake wa mota hali haka. Amma naman nan da aka rage shi ne katifar mota. Shi ke shanye duka kafin ya kai ga shokozoba, kafin ya kai ga mutum. In babu shi, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya tayar wa taya ƙulu a gefe. In ka shiga yashi, mai taya mai nama zai rage iska ta baje ya wuce, kai kuwa ba ka da abin ragewa, sai ka nemi masu turi. Wasu sukan ce to a haɗa musu duka biyu, babban rim da taya mai nama. Ina ɗaurawa, su tafi suna murna. Ran Juma'a in an taso daga masallaci maƙwabta shida sun cika motar, sai ka ji taya tana gugar madigadi tana kuka. Agogon gudu ma ya fara yi maka ƙarya, mota ta yi nauyin tashi, mai ya riƙa tafiya. Motar Daura ai ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da sunanka ne a takarda. In kuma ka ce za ka yi ƙasa da yawa don araha, rim ya ƙi shiga saboda ya ci karo da burki. Shi ya sa ban taɓa faɗa wa mutum lamba daga gilashin mota ba.

Akwai shekarar da kaya suka daina shigowa ta iyaka, wannan daga baya ne, ba na son tuna ta. Tayoyin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su, waɗanda muke dogara da su, suka ɗauke ƙaf. Mukan wuni a rumfar nan ba abin da muke sai korar ƙuda, abokan aikina biyu suka koma gona, ɗaya ya koma acaɓa. A shekarar ne na ga motoci masu manyan ƙafafu a kan duwatsu a ƙofar gidaje, akuya na kwana a ƙarƙashinsu, don ko a Kano sai an sha yawo kafin a samo lambarsu. Mai sha huɗu da mai sha biyar kuwa, ko a Dutsi ya yi faci zai samu wata tsohuwa ya lallaɓa ya iso gida.

Amma labarin da na tsayar da ku dominsa ya riga wannan. A shekarun farko ne da aka kawo shari'a, lokacin da wa'azi ya cika rediyo da majalisu, kowa ya zama mai lura da halal da haram, musamman na maƙwabcinsa. A lokacin ne motocin Kwatano suke ta shigowa ta Nijar, samari kuma suka fara ganin manyan rim masu walƙiya suna haɗiyar yawu.

Akwai wani yaron kirki, Nasiru, ɗan cikin gari, yana harkar tumaki da awaki a kasuwar Mai'adua. Manya suna ba shi dabbobinsu ya kai ya sayar ya kawo musu, da amana yake cin abinci. Allah ya buɗa masa ya sayi motarsa ta farko, fara, mai kyau, ta zo da rim sha biyar na ƙarfe. Kafin ya kai ta gida ya biyo ta wajena, ya buɗe but, sai ga rim sha bakwai guda huɗu na aloyi da ya sayo a Kano, suna ɗaukar ido. Na faɗa masa abin da na faɗa muku yanzu. Ya yi dariya ya ce, "Malam Idi, ku tsofaffi komai sai kun sa masa tsoro. Ɗaura mini kawai." Na ɗaura, don motarsa ce kuma kuɗinsa ne. Na ɗauko tsummana zan shiga baya kamar yadda na gada, ya ce in yi haƙuri sai wani lokaci, yana so ya kai wa Inna ta sa albarka kafin la'asar. Tsofaffin ƙafafun ya ce in ajiye ko in sayar, duk ɗaya. Na jera su a bayan rumfa, ba a jima ba wata kaza ta mai da na saman wurin ƙwai.

Kun san yadda ake yi. Sabuwar mota ƙofar gida ake fara kai ta, dattawan unguwa su taru su yi addu'a, uwa ta fito ta shiga, a kai ta wani wuri ko da kusa ne. Haka aka yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Gambo, ta fito da mayafinta, ta yi bisimilla ta shiga baya, aka kai ta gaida yayanta a can cikin tsohon gari. Hanyar duk lunguna ce, ga tudun siminti da mutanen kowace unguwa suke yi saboda masu gudu, kowa da irin tsayin da ransa ya so. Aka je aka dawo. Ta sauka, ba ta ce uffan ba, ta shige gida. Daga ranar ba ta sake taka motar ba.

In za ta suna, ko dubiya, ko asibiti, sai ta aika a kira maƙwabcinsu Malam Ilu, wanda motarsa ta girmi Nasiru, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Ta wuce farar motar ɗanta a ƙofar gida, ko kallonta ba ta yi, ta shiga ta Malam Ilu. Rumfar mai faci kuwa majalisa ce, duk wanda ke jiran taya sai ya buɗe baki, don haka a kunnena aka dafa maganar. Da farko cewa aka yi tsohuwa ce, ba ta saba ba. Sai wani Malam Tanko, dillali a kasuwar dabbobi, ya ce, "Ba ta saba ba amma ta saba da ta Ilu? Hajiya Gambo mace ce mai tsoron Allah. In uwa ta ƙi shiga motar ɗanta, ta san abin da ba mu sani ba." Shi ke nan. Wannan ya ce ai awaki ba sa sayen irin motar nan, wancan ya ce an gan shi a bakin iyaka da wasu mutane, wani ya ambaci ƙwaya. Ba wanda ya ga komai da idonsa. Hujjarsu ɗaya ce, kuma kullum tana wucewa a gabansu a cikin motar Malam Ilu.

A tsakanin nan Nasiru ya zama ɗan gida a wajena. Yau rim ya lanƙwashe a kwalbati, gobe taya ta yi ƙulu. Wata rana da hantsi na gama buga masa rim, na ɗaura, na sauke jak, amma bai tashi daga benci ba. Ya rame, rigar ma kamar ta aro. Can ya ce, "Malam Idi, kai ma ka yarda da abin da ake faɗa?"

Na ce, "Ni taya nake gani, kuma tayarka ba ta nuna mini ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ba."

Ya ce dattawa biyu sun janye dabbobinsu daga hannunsa, ba su faɗi dalili ba. A masallaci in ya miƙa hannu ana karɓa da yatsu. "Wannan duk zan iya ɗauka," in ji shi. "Amma Inna fa? In ita ma haka ta ɗauke ni, me nake yi a garin nan? Na yi magana da wani, zan sayar da motar in koma Agadas."

Na ce, "To ka tambaye ta mana."

Ya dube ni kamar ban san gari ba. "Ni ne ɗan fari, Malam Idi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In na shiga gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ta ina zan fara? Na sa Rakiya ƙanwata ta tambaye ta, ta ce ba komai. Ta sake tambaya, ta ce in ta ƙara za ta ci mata mutunci."

Abin ya tsaya mini a rai. Tausayinsa na ji, ba na musu, amma abin da ya fi cina son sani ne. Ni mutum ne da in taya ta sace ban ga ƙusa ba, ba na iya cin tuwo sai na gano ta ina iskar ta bi. Me zai sa tsohuwa ta bar mota mai sanyi da kujera mai laushi ta zaɓi wadda ake ɗaure wa ƙofa?

Amsar da kanta ta zo rumfata. Malam Ilu ya tsaya a sa masa iska, Hajiya Gambo tana baya za a kai ta dubiya. Na durƙusa na gaishe ta ta taga, sai na lura ba zaune take sosai ba. Ta karkata gefe ɗaya, ta cusa ɗan matashi a bayan ƙugunta, hannu ɗaya ta dafe kujera tun mota tana tsaye. Na sunkuya kan tayar: sha huɗu ce, nama kamar na bijimin salla. Malam Ilu kuma kamar kullum yana ce mini, "Kar ka cika mata, Idi, ka san yashin hanyarmu." Na danna bayan motar da hannu, ta lotsa a hankali ta taso a hankali. Har suka ɓace ina tsaye da tiyo a hannu, iska na fita a banza.

Na aika aka kira mini Nasiru. Na shimfiɗa tsummana a baya, daidai saman taya, na ce ya kai ni ƙofar gidansu, daga nan ya bi hanyar da ya bi da Hajiya ran farko, da irin gudun da ya yi. A tudun farko haƙorana suka haɗu. A na biyu na ciji harshe. Wajen wata kwata da aka rufe da guntun kankare na ji dukan tun daga ƙugu har ƙeya, ni da nake da lafiyata. Shi kuwa a gaba hira yake, hannu ɗaya a sitiyari. Da muka kai na ce ya sauko mu yi musanya. Ya ce shi bai taɓa zama a bayan motarsa ba. Na ce yau zai taɓa.

Tudu biyu kawai muka haye ya ce in tsaya. Na duba madubi, na ga ya dafe kujera da hannu ɗaya, daidai yadda uwarsa take yi. Ya ce, "Ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya muna yara. Mai ɗori ya yi mata aiki, amma in sanyi ya zo da ƙyar take ruku'u." Ya ƙara da cewa, "Na san da ciwon. Amma na ga tana shiga ta Malam Ilu lafiya lau, ga ta duk ta fi tawa lalacewa, sai na cire shi a lissafi."

Na ce, "Jikin motar Malam Ilu ne ya lalace, ƙafafunta ba su lalace ba. Shi a kan katifa yake ɗaukar ta, kai a kan ƙarfe." Na kuma gaya masa gaskiya cewa zato ne nake, ban shiga zuciyar Hajiya ba. Mai yiwuwa mu sake ƙafafu ta ci gaba da ƙi, a lokacin kuwa abin zai fi yi masa ciwo, don ba sauran abin da zai laɓe a bayansa. Ya kalli rim ɗin nan nasa masu walƙiya, waɗanda abokansa suke zagayawa suna taɓawa. Ya ce, "Cire su."

Muka tashi kazar nan tana ta masifa, na kwashe ƙwanta a hula. Na wanke sha biyar ɗin, na duba ba wanda ya karkace, na zaɓo taya huɗu masu nama sosai, na jingina ɗaya da wadda na cire na tabbatar tsayinsu a tsaye ɗaya ne don kada mota ta canza tafiya. Iska na sa daidai yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, ban ƙara ko kaɗan ba, don yawancinku cika taya kuke tam kamar ganga kuna cewa ta fi gudu. Muka sake bin hanyar ina baya. Tudun yana nan, ana jin sa, amma yanzu ɗaga ka yake ya ajiye, ba duka ba.

Saura babban aiki: yadda za a sa ta shiga. Ba mai iya ce mata an gyara, tunda ba ta taɓa cewa akwai abin da ya ɓaci ba. Muna cikin wannan sai aka yi rasuwa a Zango, wata aminiyarta tun ta ƙuruciya, gaisuwar da ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. Da safiyar ranar motar Malam Ilu tana kan jak a rumfata. Kada ku kalle ni haka, da gaske tana da faci, shi ma zai shaida. Abin da na sani kawai shi ne ranar hannuna ya yi nauyi ƙwarai, Malam Ilu kuma bai matsa mini ba, shayinsa yake sha. Rakiya ta shiga ta gaya wa Hajiya babu mota sai ta Yaya. Nasiru ya roƙe ni in rufe rumfa in zauna a gaba, wai ko taya za ta ba da matsala. Ni da shi mun san ba taya yake tsoro ba.

Ta fito da matashinta a ƙarƙashin mayafi. Ta tsaya a bakin motar ta daɗe, sannan ta yi bisimilla ta shiga da fuskar wanda za a cire wa haƙori. Rakiya ta zauna kusa da ita. Nasiru ya ja, gumi na bin wuyansa. Da muka doshi tudun farko na saci kallo a madubin gefe: ta runtse ido, ta dafe kujera. Muka haye. Ta buɗe ido ɗaya. A na biyu ba ta runtse ba. Muka hau hanyar Zango, sai can na ji Rakiya ta taɓa kafaɗata. Na waiga, Hajiya ta jingina kai da kujera tana barci, carbi ya zame mata a cinya.

A Zango aka yi gaisuwa, aka yi azahar, muka juyo. Sai da muka hango Daura sannan ta yi magana, kuma da Rakiya take. "Wata ce aka sake?"

"Ita ce dai, Inna. Ƙafafu aka sake mata."

"Ƙafafu," in ji ta. Ta jinjina kai. "Ashe ƙafa ce." Sai ta juyo gare ni, tunda ni tana iya yi mini magana. "Malam Idi, ran da aka fara ɗauka ta a motar nan, kwana na yi ban juya ba. Amma abin farko ne da yaron nan ya mallaka. In na buɗe baki na ce tana cutar da ni, bakina ya kama ta fa? Wani abu ya same shi a cikinta, in ce me? Na ce gara in yi shiru in bar masa abarsa da albarkarta." Ta gyara mayafi. "Abin da ake faɗa kuma duk na ji. Har ɗaki ake kawo mini, ana yi mini jaje. In na ce ƙarya ne, sai a ce to don me ba kya shiga. Ni ma ban huta ba."

Nasiru ya canza giya. Na ga ya share ido da hannun riga kamar gumi yake sharewa. Ni kaina sai na shiga duba madubin gefe alhali ba abin da ke bayanmu.

Ya sa sigina zai yanke ta hanyar baya wadda ta fi kusa da gida, sai ta ce, "Rakiya, ki ce wa mai motar kar ya bi ta nan. Ya bi ta bakin kasuwa, ya fito ta ƙofar masallaci, a hankali. Ki sauke mini gilashin nan duka."

Ana ta taruwa don la'asar muka iso, majalisa ta cika. Hajiya Gambo, wadda ko a biki ba a jin muryarta, ta ɗora gwiwar hannu a taga tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Da muka zo daidai inda Malam Tanko dillali yake alwala, ta ce a tsaya.

"Malam Tanko, barka da yamma. Ya iyali?"

Ya miƙe da buta a hannu yana in-ina. "Lafiya lau, Hajiya. Daga ina haka?"

"Daga Zango, gaisuwa. A motar yaron nan." Ta daki ƙofar da tafin hannu sau biyu. "Ka sa mata albarka mana, na ga kai ne ba ka sa ba."

Ya sa, da ƙarfi kuwa, duk majalisa ta amsa da amin.

Nasiru bai je Agadas ba. Har Hajiya ta koma ga Allah shi yake kai ta ko'ina, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Rim sha bakwai ɗin suna nan a bayan rumfa, jikokin waccan kazar suna ƙwai a ciki. Duk wanda yake so a cikinku ya zo in ɗaura masa, ba na hanawa. Amma sai ya ba ni makulli ya zauna a baya, na ja shi ta lungunsu tukuna.